Wasan ƙarshe na minti 57 da kyautar fam miliyan 3: amsa ga wani uba a Kaduna

Wani bawan Allah daga Unguwar Sanusi ya rubuto mini: "Malama, na kalli wasan ƙarshe na tanis na mata a gasar Wimbledon ta 2025 tare da 'yata mai shekara 11. Kafin a kira sallar magariba har an tashi, 6-0, 6-0. Kuma na ji an ce kuɗin da aka ba wadda ta ci daidai yake da na namijin da ya shafe awa uku yana gumi washegari. Gasar mata ba ta da wuya ne, ko yaya abin yake? Ga shi yarinyar ta matsa mini sai na kai ta koyo, ni kuwa ban san kan wasan ba."

Malam, Allah ya raya ta, ya yi mata albarka. Zaman nan da ka yi da ita kuka kalla tare shi ya fi faranta mini rai a duk wasiƙarka. Na daɗe ina koya wa yara tanis a garin nan, akasarinsu mata, kuma na sha jin wannan tambaya daga bakin iyaye maza, har da wasu kociyoyi 'yan'uwana. Don haka zan ɗan ja zancen, ka yi haƙuri da ni.

Wasan da kuka kalla bai yi armashi ba, wannan gaskiya ne. Ranar Asabar 12 ga Yuli, Iga Swiatek 'yar Poland ta gama da Amanda Anisimova 'yar Amurka cikin minti 57, ko gem ɗaya ba ta bar mata ba. Amma kun faɗo ne a kan abin da ba kasafai yake faruwa ba. Rabon da a ga irin wannan sakamako a wasan ƙarshe na mata a Wimbledon tun 1911. A manyan gasannin nan huɗu gaba ɗaya kuwa, rabon da a gan shi tun 1988, ranar da Steffi Graf ta yi wa Natasha Zvereva haka a Paris. Kamar mutum ne ya shiga gidan dambe karon farko, aka yi kisa tun a turmin farko, ya koma gida yana cewa ai dambe ba wuya. Wanda ya san gidan zai tambaye shi ko ya ga mutanen da waɗannan biyun suka kayar kafin su kai ga haɗuwa.

Manyan gasannin huɗu ne a shekara. Ta Ostireliya ana yin ta a Melbourne cikin Janairu, muna tsakiyar hunturu su suna tsakiyar zafi. Roland Garros a Paris take, daga ƙarshen Mayu zuwa farkon Yuni, a kan jar ƙasa wadda a zahiri garin jan bulo ne. Wimbledon a Landan, a kan ciyawa. Sai ta Amurka a New York, daga ƙarshen Agusta zuwa Satumba, a kan daɓe kamar ta Melbourne. A kowacce, mata 128 ne ke shiga rukunin ɗai-ɗai. Daga cikinsu 104 matsayinsu a jerin gwanayen duniya ne ke shigar da su kai tsaye, 8 masu shirya gasar ne ke ba su gurbin alfarma, sauran 16 kuwa sai sun bi ta wasannin share fage, inda kowacce za ta ci wasa uku a jere kafin ma a rubuta sunanta a babban jadawali. Daga nan sai sili ɗaya ƙwale: wadda ta faɗi sau ɗaya ta tattara kayanta. Babu wasan ramuwa, babu gida da waje irin na ƙwallon ƙafa. 128 su koma 64, su koma 32, 16, 8, 4, 2. Mai ɗaga kofi sai ta kayar da mata bakwai cikin mako biyu, ba tare da rana ɗaya ta juya mata baya ba.

Dubi ita Anisimova da kuka ga ta kasa taɓuka komai. A 2023 ta ajiye raket na watanni saboda gajiyar zuciya da ta yi mata yawa. A 2024 ko babban jadawalin Wimbledon ba ta shiga ba, a share fage aka fitar da ita. Bayan shekara guda sai ga ta ta ci wasa shida, kuma kwana biyu kacal kafin ranar da kuka gan ta, ita ce ta fitar da Aryna Sabalenka, ta ɗaya a duniya, a wasan kusa da na ƙarshe, 6-4, 4-6, 6-4. Abin da ya same ta ran Asabar kowane ɗan wasa ya san shi: ƙafa ta yi nauyi, hannu ya sage, ƙwallon da ka saba cillawa sama don sabis, wato bugun da ake fara kowane maki da shi, tun kana yaro ya ƙi tsayawa inda kake so. Kuma labarin bai ƙare a nan ba. Ba a cika wata biyu ba suka sake haɗuwa a New York, a zagayen 'yan takwas, Anisimova ta doke Swiatek 6-4, 6-3, ta wuce har wasan ƙarshe. Matan nan biyu su ne dai, tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai abin da allon Wimbledon ya nuna ba.

Yanzu bari in zo kan batun tsawon wasa, don a nan ne mutane suka fi yin kuskuren fahimta. Lissafin tanis hawa uku ne. Maki huɗu ke ba da gem, ana ƙirga su 15, 30, 40, sai gem, in kuwa an yi 40-40 sai mutum ya ci biyu a jere. Gem shida, da tazarar biyu, su ke ba da abin da masu sharhi ke kira saiti, mu kuwa a filinmu turmi muke ce masa, aron bakin 'yan dambe. In aka yi 6-6 sai a buga raba-gardama zuwa maki 7, a turmin ƙarshe kuma zuwa maki 10, dokar da gasannin huɗu suka haɗu a kanta tun 2022. Mata turmi uku suke bugawa, wadda ta riga cin biyu ta yi nasara. Maza a waɗannan gasanni turmi biyar ne, sai an ci uku.

Wanda ya ji haka zai ce ai an sauƙaƙa wa mata. Ta fuskar huhu da ƙafafu, e, turmi biyar ya fi cin jiki, ba zan musa ba. Amma gajeren wasa yana da tasa azabar, wadda mai kallo ba ya gani. Dogon wasa yana ba gwani damar gyara kuskurensa. Ka tuna wasan ƙarshe na maza a Paris cikin Yunin 2025: Jannik Sinner ya ci turmi biyu na farko, Carlos Alcaraz ya farfaɗo ya ci uku na baya, bayan awa 5 da minti 29, har aka riƙa cewa yana cikin wasanni mafi kyau da aka taɓa yi. Da a ƙa'idar mata aka buga shi, da tun bayan turmi na biyu an miƙa wa Sinner kofi, kuma da ba wanda zai san Alcaraz yana da abin da ya nuna. Mace ba ta da wannan rata. In ta shigo da sanyin jiki ta rasa turmin farko, ta riga ta tsaya a bakin rami. A ƙwace mata sabis, wato a ci gem ɗin da ita ke sabis, sau ɗaya a turmi na biyu, shi ke nan aikin shekara ya tafi cikin minti saba'in.

Na ga wannan da idona a kan wata ɗalibata mai shekara 13, a wata ƙaramar gasar yara da aka yi a nan cikin hunturu. Iska na kaɗawa, ƙura ta lulluɓe layukan fili har sai da muka sa aka share. Tana gaba 5-2 a turmin farko, sabis a hannunta. Ta cilla ƙwallo sama, iska ta karkatar da shi, maimakon ta bar shi ya faɗo ta sake, sai ta bi shi ta buga, ya shiga raga. Na biyu ma raga. Daga nan na ga ta fara goge tafin hannunta a jikin riga bayan kowane maki, alhali babu gumi a wannan sanyi. Turmin ya kuɓuce mata 7-5, na biyu kuma bai ɗauki minti ashirin da biyar ba. Muna cikin Keke a hanyar komawa, mun kusa Kawo, ba ta ce uffan ba tun daga fili, sai ta juyo ta ce, "Malama, sai yanzu na gane ta. In na ɗaga mata ƙwallo sama ta bayan hannu ba ta iya mayarwa." Gaskiya ta faɗa, ni ma na lura da hakan. Amma ta gano maganin ne bayan an tashi, kuma babu turmi na uku da za ta gwada shi. Abin da ke faruwa da manyan 'yan wasa ke nan a gaban mutum dubu goma sha biyar.

Shi ya sa gasar mata ba ta da tabbas, kuma ni wannan ne ke riƙe ni a gaban talabijin. Masu shiryawa suna ware 'yan gaba-gaba 32 su rarraba su a jadawali yadda ba za su haɗu da juna ba sai a zagaye na uku, ta ɗaya da ta biyu kuma ba za su gamu ba sai a wasan ƙarshe. Duk da wannan kariya, a Wimbledon ɗin da kuka kalla, Coco Gauff, ta biyu a duniya, wadda ta ɗaga kofin Paris makonni uku kafin nan, a zagayen farko aka fitar da ita. Jessica Pegula ta uku da Zheng Qinwen ta biyar su ma a zagayen farko, Jasmine Paolini ta huɗu a zagaye na biyu. Daga 2017 zuwa 2025 an yi Wimbledon sau takwas, don ba a yi ta 2020 ba saboda korona, kuma mata takwas daban-daban ne suka ci. A New York a 2021, Emma Raducanu 'yar Ingila, tana da shekara 18, tana ta 150 a duniya, ta taso daga share fage ta ci wasa goma a jere ba ta rasa turmi ko ɗaya ba, ta tafi da kofi. Wasu na cewa wannan alamar rauni ce, wai babu gwana tsayayya. Ni ban yarda ba. Ta 60 a duniya a yau tana da bugun da za ta kayar da kowa in ta samu awa ɗaya mai kyau, kuma ƙa'idar turmi uku awa ɗayan kawai take buƙata. Wannan ne ma ke nuna girman waɗanda suka daɗe suna mulki a cikin irin wannan hali: Margaret Court da kofi 24 na manyan gasannin huɗu, Serena Williams 23, Steffi Graf 22, Martina Navratilova da Chris Evert 18 kowacce. Serena ta ci na ƙarshenta a Melbourne a 2017 tana ɗauke da ƙaramin ciki.

Akwai kuma wani abu a cikin wasan kansa. A wajen maza, sabis ya yi ƙarfin da sau da yawa bugu ɗaya ko biyu ke kashe maki, musamman a kan ciyawa. Mata ma suna da masu sabis mai zafi, Sabine Lisicki ta taɓa buga wanda ya haura kilomita 210 a awa a 2014, amma a dunƙule an fi ƙwace sabis a wasansu. Ma'ana babu gem ɗin hutu. Wadda ke gaba 4-1 ba ta tsira ba, wadda ke baya ba ta mutu ba. Ga mai koyo irin 'yarka, wasan mata ya fi amfani a kalla, don a nan za ta ga yadda ake gina maki: a kora abokiyar karawa gefe, a sake kora ta, sannan a buɗe ɗaya gefen.

Sai maganar kuɗi. A Wimbledon ta 2025 Swiatek da Sinner, wanda ya ci ta maza, kowanne ya karɓi fam miliyan 3. Ba a wayi gari aka ga haka ba. A 1968, shekarar da aka fara barin ƙwararru masu karɓar kuɗi su shiga Wimbledon, Rod Laver ya samu fam 2,000, Billie Jean King ta samu 750. A 1970 mata tara, King na cikinsu, suka sa hannu a kwantiragin dala ɗaya ɗaya a Houston suka kafa gasanninsu na kansu, duk da barazanar kora da hukumomi suka yi musu. A 1973 suka kafa ƙungiyarsu ta WTA, kuma a shekarar ce gasar Amurka ta zama ta farko da ta daidaita kyauta, dala 25,000 ga zakaran maza da ta mata. Ostireliya ta tsaya a kan daidaito daga 2001. Paris da Wimbledon sai 2007 suka kammala, bayan Venus Williams ta fito fili ta matsa lamba, kuma Allah ya yi ita ce ta ci Wimbledon a wannan shekara, ta karɓi fam 700,000 daidai da Roger Federer. Daga 1968 zuwa 2007 shekara 39 ke nan ana jan wannan igiya.

Hujjar da ka kawo ta yawan awanni ita ce aka riƙa kafawa duk tsawon shekarun nan. Amma tanis bai taɓa biyan kowa da awa ba. Makanikin da ya saurari ƙarar injin ya gano ciwon motarka cikin minti goma, ba ka rage masa kuɗi don bai kwana a ƙarƙashinta ba. Namijin da ya gama wasansa cikin awa ɗaya da rabi da wanda ya yi awa biyar a zagaye guda kuɗinsu ɗaya. In da awa ake bi, da Francesca Schiavone da Svetlana Kuznetsova, waɗanda suka shafe awa 4 da minti 44 suna fafatawa a Melbourne a 2011, turmin ƙarshe ya tashi 16-14, sun fi yawancin mazan gasar samu a ranar. Abin da ake biya shi ne matakin da ka kai a cikin mutum 128, a fili ɗaya, a mako biyu ɗaya, gaban 'yan kallon da tikiti ɗaya suka saya. Kuma ba kullum maza ke jan jama'a ba: a 2023, mutanen da suka kalli wasan ƙarshe na Gauff a talabijin a Amurka sun fi waɗanda suka kalli na maza washegari. Wani abin da ya kamata ka sani, in ka fita daga gasannin nan huɗu, maza ma turmi uku suke bugawa duk shekara, amma a gasanni da dama har yanzu kuɗin mata bai kai nasu ba. A can tsawon wasa ɗaya ne, bambancin yana nan. Wannan ya isa ya nuna maka cewa tun asali ba turmi ne matsalar ba.

In ka tambaye ni ra'ayina, ina so a mayar da wasan mata turmi biyar daga zagayen 'yan takwas zuwa sama. Ba sabon abu ba ne. Daga 1984 zuwa 1998 wasan ƙarshe na gasar rufe shekara ta mata a New York turmi biyar ne, kuma a 1990 Monica Seles, tana da shekara 16, ta doke Gabriela Sabatini a cikakken turmi biyar. Jiki zai ɗauka. Abin da ke hanawa shi ne jadawali da lokacin talabijin, don masu shiryawa sun saba cusa wasannin mata a gurbin da ya rage. A Paris ma an yi ta ƙorafi a 'yan shekarun nan cewa wasan dare, wanda ya fi samun 'yan kallo, kusan kullum maza ake ba. Da wasan da kuka kalla turmi biyar ne, wataƙila da Anisimova ta samu numfashi ta dawo hayyacinta, ku ma da kun ga wasa. 'Yan wasan kansu ba bakinsu ɗaya ba a kan wannan, akwai masu so akwai masu ƙi, ni dai nan na tsaya.

Kada fam miliyan 3 ya ruɗe ka game da sana'ar. Wadda aka fitar a zagayen farko a Wimbledon ta 2025 ta samu fam 66,000, kuma ga mace ta 90 a duniya, irin wannan kuɗi sau huɗu a shekara shi ke biyan koci, jirgi, masauki da mai duba lafiyar jiki, bayan an cire haraji. Makin jerin gwanayen duniya ma haka: mai kofi 2,000, ta biyu 1,300, wadda ta faɗi a zagayen farko 10. Ƙasa da waɗannan akwai ɗaruruwan mata da ke yawo ƙasa-ƙasa a ƙananan gasanni, inda duk kuɗin gasar, na kowa da kowa, dala 15,000 ne. Yawancinsu da aljihun iyayensu suke tafiya.

Ka nuna wa 'yarka Ons Jabeur. 'Yar Tunisiya ce, Musulma, mahaifiyarta ce ta fara kai ta fili tana da shekara uku, kuma a filayen otel-otel na yankin Sousse ta yi koyon farko. Ta kai ta biyu a duniya a 2022, ta buga wasan ƙarshe na manyan gasanni sau uku: Wimbledon 2022, New York 2022, Wimbledon 2023. Na ƙarshen tare da ɗalibaina muka kalla a falona, mun kai mu goma sha biyu, an ɗauke wuta sai da muka tayar da janareta. A hanyarta ta zuwa ta kayar da mata huɗu masu manyan kofuna, Andreescu, Kvitova, Rybakina da Sabalenka, biyun ƙarshe ma bayan ta rasa turmin farko. Abokiyar karawarta Marketa Vondrousova ko cikin 32 ɗin da ake warewa ba ta. Kowa ya sa rai. Jabeur ta shiga gaba a turmin farko, ya zame mata. Ta shiga gaba a na biyu, shi ma ya zame, 6-4, 6-4. Da ta fashe da kuka wajen karɓar farantin ta biyu, falon ya yi tsit, ƙaramarsu ta cusa fuska a hijabin yayarta. Washegari da safe ba wadda ta yi fashin zuwa fili, kuma duk suka ce sai na koya musu bugun nan nata na sauke ƙwallo a hankali bayan raga. Akwai kuma Mayar Sherif ta Masar, wadda ta bi ta jami'a a Amurka, ta zama 'yar ƙasarta ta farko da ta shiga babban jadawalin irin wannan gasa, a Paris a 2020. Namu Nduka Odizor, wanda ya kai zagaye na huɗu a Wimbledon a 1983, shi ma ta Jami'ar Houston ya bi.

Don haka shawarata ka kai ta. Ba zan yi maka alkawarin Wimbledon ba, hanyar tana da tsawo da tsada, kuma waɗanda ke can yawanci sun riƙe raket tun suna da shekara biyar ko shida. Amma shekara 11 ba ta makara ba ga gasannin yara na ƙasa, kuma yarinyar da ta haɗa tanis da karatu mai kyau tana iya samun gurbin jami'a da shi, kamar waɗanda na ambata. Ko ba ta kai nan ba, za ta samu lafiyar jiki, ta kuma koyi tsayawa ita kaɗai ta yanke shawara a lokacin da zuciyarta ke bugawa, wanda ban san wani wasa da ke koyar da shi kamar wannan ba.

Na san abin da ke ran iyaye da yawa a nan shi ne sutura, ko da ba su furta ba. Babu dokar tanis da ta wajabta gajeren siket. Wimbledon farin kaya kawai ta shar'anta, ƙungiyar WTA kuma tun 2019 ta fayyace cewa ana iya wasa da dogon wando mai kama jiki. Ɗalibaina da dogon wando suke wasa, da riga mai dogon hannu wadda ta sauko, da ƙaramin hijabi da ba ya kaɗawa, kuma bai hana kowacce gudu ba. Ka nemi inda ake koyar da yara rukuni-rukuni, ka je da kanka ka ga kocin, ka zauna a gefe a makonnin farko, ko mahaifiyarta ta zauna. Kada ka sayi raket ɗin manya, zai yi mata nauyi ya ɓata mata wuyan hannu. A shekarunta mai tsawon inci 25 ko 26 ya dace, na hannu ma ya wadatar. Takalmi mai shimfiɗaɗɗen ƙasa za ka samu a gwanjon Kasuwar Barci, ka guji na gudu mai tudun dunduniya don yana sa gurɗewa. In kocin ya fara ta da ƙwallo mai laushi, mai ɗigon kore, kada ka ga kamar wasa yake da ita, haka ake yi. Watanni ukun farko kuma kada ka tambaye ta ko ta ci, ka tambaye ta sau nawa suka mayar wa juna ƙwallo bai faɗi ba.

Kallo kuma ku canza yadda kuke yi. Ku fara tun makon farko, a nan ake ganin ta 80 ta tasa ta 5 a gaba. Ku zaɓi mace ɗaya tun ranar da aka fitar da jadawali, ta zana shi a takarda ta manna a bango, ku bi ta zagaye bayan zagaye. Lokaci ma yana taimakonmu: a watan Yuli agogonmu da na Landan ɗaya ne, Paris ta fi mu da awa ɗaya kawai. New York muna gabanta da awa biyar, don haka wasan ƙarshe na mata yakan faɗo wajen ƙarfe tara na dare. Melbourne tana gabanmu da awa goma, wasan ƙarshe nasu na daren Asabar yana zo mana da misalin tara da rabi na safe, ranar da babu boko. In kun zauna, ka ce mata ta bar bin ƙwallo da ido na gem biyu ko uku, ta kalli ƙafafun mace ɗaya kawai, ta ƙirga 'yan ƙananan takun da take yi kafin kowane bugu, da ɗan tsallen da take yi daidai lokacin da abokiyar karawarta ta taɓa ƙwallo. Wannan tsallen shi ne darasin farko da zan koya mata in kun zo.